Daga Bakin Rumfa: Hoton Gwaggo da ya ƙi fitowa

Wannan makon zan ɗan huta da zancen canji da kuɗin kwastan, na san kunnuwanku sun gaji. Wata kunya ce na sha a tsakar gidana ranar suna, na ga gara in faɗa muku da bakina kafin ku ji a bakin mutanen Aboabo, don su in suka ba da labari sai sun ƙara masa gishiri.

Ɗiyata ta fari ta haihu, aka sa ranar suna. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage mana a cikin manya, ta ce ko da rarrafe sai ta zo Kumasi ta ga yaron. Ta taso daga Ƙonni, ta bi ta Yamai da Wagadugu da Paga da Tamale, ta iso ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Gwaggo ba ta da babbar waya, ba ta ma so. Hoton da ke cikin waya a wurinta ba hoto ba ne, tunda sai ta roƙi wani yaro ya buɗe mata, shi kuma yana sauri. Tun a daren da ta sauka ta ce da ni, "Ɗan nan, ni dai wanda zan riƙe a hannu nake so, in sa a cikin adakata, in nuna wa mutanen gida." Na ce, "Gwaggo, an gama."

Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa saboda ina da abin. Kun san 'yan kyamarorin nan da suka dawo yayi, masu tofo hoto nan take, sha yanzu magani yanzu. Akwai Instax mini a gidana, kuma fim ɗinta (ba fim na kallo ba, takardar hoton nake nufi) katan guda na saro a Lome tun watan Maris. Wani dillali ne a babbar kasuwa ya sakar mini shi da arahar da ta kamata ta sa in tsaya in yi tunani. Ban tsaya ba.

Ranar suna, bayan an shafa fatiha an raba goro, aka zaunar da Gwaggo a kan kujera da jariri a cinya. Na danna. Takarda ta fito fara, kamar yadda ta saba, mata suka kewaye ta ana jira. Minti ɗaya, minti biyu, minti biyar. Abin da ya bayyana wani dishi-dishi ne rawaya-rawaya, kamar an hango mutum cikin hazon hunturu, kusurwa ɗaya kuma ko alamar komai babu. Na sake. Haka. Na sake na uku. Sai yaron shagona, da niyyar taimako, ya karɓa ya ce wataƙila wani abu ne ya maƙale, ya ɓalle ƙofar baya a tsakiyar rana ya leƙa. Biyun da suka biyo baya fari fat suka fito, ko dishi-dishin ma babu. Gwaggo ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce, "To, ko ni ce ba na kamuwa?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Washegari na ɗauki kyamarar na nufi Asawase wurin wani tsohon mai hoto, abokin marigayi yayana, wanda ya yi zamani yana ɗaukar hoton fasfo tun lokacin da ake shanya dodon hoto a igiya. Na ajiye masa ita na ce ta lalace. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, ina hotunan da suka ɓaci?" Na ce na zubar. Ya ce, "Ka zubar da shaidu ka kawo mini wanda ake tuhuma." Sai da na aika yaro gida ya tono su daga kwandon shara.

Abin da na koya a zaman nan, da wanda na bi diddigi daga baya, shi ne zan ba ku, don na san da yawanku 'ya'yanku sun matsa an saya musu, wasunku kuma kuna sayar da ita a shago.

Sai an fara sanin yadda abin yake aiki. Wannan takarda da kuke gani ba takarda ce kawai ba, ɗakin wankin hoto ne sukutum aka matse a cikinta. Ku duba gefen da ya fi faɗi, wancan farin baki na ƙasa da yara ke rubuta suna a kai. A cikinsa akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da maganin wanki mai kauri. In an danna, haske ya faɗa kan takardar, sai inji ya turo ta waje ta tsakanin wasu 'yan sanduna biyu na ƙarfe masu juyawa, sak irin na injin murza taliya. Su ne ke fasa jakar su shimfiɗe maganin tun daga wannan baki har wancan. Shi ke nan. Haske, magani, da murza. Duk hoton da ya ƙi fitowa, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya sami matsala, kuma hoton da kansa zai gaya maka wanne ne in ka iya karanta shi. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ya fito da dabarar, ya nuna ta a 1947, aka fara sayar da kyamararsa ta Polaroid a 1948. Kamfanin Fujifilm na Japan ya fito da Instax a 1998. Shekara kusan tamanin ke nan, amma tushen bai canja ba.

Tsohon ya jera hotunana biyar a kan benci, ya raba su gida biyu. Fararen nan biyu ya ture gefe ya ce, "Waɗannan haske ne ya cinye su. Wa ya buɗe ƙofa?" Ban ma gaya masa an buɗe ba.

Ga ƙa'idar, kuma ta saɓa wa abin da hankali zai fara ba ka. Hoton da ya fito baƙi ƙirin, fim ɗinsa lafiya lau yake. Maganin ya yi aikinsa, haske ne bai isa ba: ko fitilar kyamarar ba ta haska ba, ko an ɗauka cikin duhu daga nesa, ko idon kyamarar bai buɗe ba. Fitilar ƙananan nan ba ta wuce kamar mita 2.7, wato taku uku zuwa huɗu. Wanda ya tsaya a bakin zaure da dare yana son ya ɗauko amarya a ƙuryar tsakar gida, baƙi zai samu, kuma kada ya zagi mai shago. Hoton da ya fito fari kuwa, haske ne ya yi masa yawa. Ko an buɗe ƙofar baya da fim a ciki, ko an ɗauka ana fuskantar rana tsaka, ko kuma yatsa ya toshe 'yan ƙananan ramukan da ke gaban kyamarar, waɗanda take auna haske da su. In ka toshe su sai ta ɗauka dare ne, ta saki haske da yawa. Masu manyan hannuwa irina, a kula. Fim ɗin Instax mai saurin kama haske ne ƙwarai, lambarsa 800, shi ya sa ranar ƙasashenmu ta tsakar rana take yi masa yawa. A jawo mutum inuwar rumfa ko gindin bishiya, hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba.

In tsautsayi ya sa an buɗe ƙofar, kada a zare fakitin a jefar. A rufe da sauri. Sau da yawa ɗaya ko biyu na gaba ne suke ƙonewa, na bayansu su tsira. Sai dai lambar da ke ƙirga saura nawa za ta koma farko, ta riƙa yi maka ƙarya, kai ne za ka riƙe lissafi a ka. Fakitin Instax guda 10 ne. Baƙar fallen da ke fara fitowa in an sa sabon fakiti kuwa murfi ne, ba hoton da ya ɓaci ba. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta dawo da kyamara shago a kan wannan.

Sauran ukun, masu dishi-dishi da kusurwar da ba ta wanku ba, su tsohon ya daɗe yana juyawa. Ya shafa bakin ƙasan da babban yatsa. Ya ce, "Ina ka ajiye fim ɗin nan?"

Nan ne na fara jin zufa. Na tuna katan ɗin a bayan mota tun daga Lome, muka yi wajen awa biyar a Aflao ana sauke kaya ana lodawa, rana tana dukan but. Na tuna na iso na tura shi saman kanta a shagona, shagon da kwantena ce ta ƙarfe, can sama kusa da rufi inda ko ɗan yatsa ba ka iya ɗorawa da azahar. Wata biyar yana nan. Da muka juya kwalin muka duba kwanan watan da aka buga a jiki, ashe tun ranar da na saya wata biyu ya rage masa. Ga dalilin araha. Ruwa ba ya tsami banza.

Jama'a, wannan ne ya fi shafarmu mu fatake, fiye da duk wani mai saye. Mun saba da hajar da ba ta san zafi ba: atamfa, takalmi, cajar waya, bokiti. Fim ba ya cikinsu. A lissafa shi tare da magani da madara da cakulan. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da shi tsakanin digiri 5 zuwa 40, a kuma ajiye shi wuri mai sanyi marar laima. But ɗin mota da kwantenar ƙarfe a watan Maris sun wuce 40 ba tare da an yi musu ba. Zafi yana dafa maganin a hankali: launi ya koɗe, baƙi ya daina zama baƙi, maganin ya yi kauri ya kasa kaiwa ƙarshen takarda, shi ne za ka ga kusurwa ko gefe ya fito babu komai. Kuma ba ya gyaruwa. Ko ka sa shi a firji daga baya, abin da ya dahu ya dahu.

Firji yana da amfani, amma tun kafin ɓarna. A sa fakitin da ba a buɗe ledarsa ba, a kwance, a ɓangaren da ake sa kayan miya. Ban da gidan ƙanƙara, daskarewa tana lalata maganin. In za a yi aiki da shi a fito da shi ya yi 'yan awoyi a ɗaki ya huce kafin a yage ledar, in ba haka ba raɓa za ta kwanta masa. Wanda wutarsa ba ta tsayawa, ya nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, nesa da bango mai shan rana. Ni yanzu a ƙarƙashin gadon uwargida nake ajiyewa, kuma ba na saro abin da ya fi ƙarfin wata biyu.

Akwai gwajin da tsohon ya nuna mini wanda ya fi duk surutun nan, kuma takarda ɗaya kawai yake ci. In kana shakkar fim, ka rufe idon kyamarar ruf da baƙin ƙyalle mai kauri, yadda ko ɗigon haske ba zai shiga ba, ka danna. In takardar ta rikiɗe ta zama baƙa ƙirin tun daga wannan kusurwa har waccan, fim ɗinka lafiyayye ne, ka nemi matsalar a wani wuri. In ta fito fari, ko toka-toka, ko ruwan ƙasa da dabbare-dabbare, fim ɗin ya tafi. Mun gwada da sabon fakiti daga katan ɗina. Kalar kunun kanwa ya fito. Muka aika aka sayo fakiti ɗaya a wani shago mai na'urar sanyaya ɗaki a Adum, muka gwada a kyamarar tawa dai. Baƙi kamar gawayi. Kyamarar da na zo in kai ƙara ba ta da laifin komai. Duk mai saro fim da yawa, ya yi wannan gwaji a gaban dillali kafin ya ƙirga kuɗi. In dillalin ya ƙi a fasa fakiti ɗaya, ka riga ka sami amsarka.

Sauran matsalolin ƙanana ne, zan bi su da sauri. In ka ga ɗigo ko tabo yana maimaita kansa a layi, tazara ɗaya, daga sama har ƙasa, sandunan murzan nan ne suka yi datti, ko busasshen magani ko ƙurar hunturu. Sai fim ya ƙare, a goge su da auduga ko tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa, a bari su bushe. In takarda ta tsaya rabi a waje rabi a ciki, kusan kullum batir ne. Ƙananan Instax irin mini 11 da mini 12 batir biyu suke ci, irin na tocila ƙarama, kuma alkalin suke so. Batir mai arahar nan da muke sa wa rediyo ba shi da ƙarfin tura takarda ta tsakanin ƙarfe biyu. Kada a fizgo ta da hannu, a canja batir tukuna. Wajen sa fakiti a haɗa rawayar alamar da ke jikinsa da rawayar da ke cikin kyamara, kuma kada a danna ramuka biyun da ke bayansa.

Sai kaɗa hoto. Kowa yana yi, har ni, kamar ana fifita wuta. Al'adar ta samo asali ne daga tsohon samfurin da ake ɓare shi gida biyu, ya fito da danshi, a kaɗa don ya bushe. Na yanzu a rufe yake ruf, iska ba ta taɓa maganin, kaɗawa da lanƙwasawa sai dai su ɓata shi. A riƙe shi ta gefe ko a ajiye a kwance. Instax yana bayyana cikin kamar daƙiƙa 90, ya ci gaba da nuna na 'yan mintoci. Kuma don Allah kada a bar yara su yanka shi da almakashi ko su sa a baki, maganin ciki mai cin fata ne. In ya taɓa hannu ko ido a wanke da ruwa mai yawa nan da nan.

Masu Polaroid, naku ya ɗan bambanta, kuma ya fi shagwaɓa. Fakitinsa na yanzu guda 8 ne, a garin Enschede na ƙasar Holan ake yin sa. Mai launi yana ɗaukar minti 10 zuwa 15 kafin ya nuna, don haka kada a yanke masa hukunci da wuri. Da ya fito a kife shi ko a sa a aljihu, haske yana cutar da shi a daƙiƙun farko. Ya fi son digiri 13 zuwa 28, abin da ya wuce haka sai ya ja zuwa ja-ja ko rawaya, kuma kamfanin ya ce a yi amfani da shi cikin wata 12 daga ranar da aka yi shi. Kwanan watan da ke kan kwalinsa na ranar yi ne, ba na ranar lalacewa ba, kada a rikita shi da na Instax. Wani abin da ke kama mutane: tsofaffin kyamarorin Polaroid da ake tsinta a kayan gwanjo ba su da batir a jikinsu, batirin yana cikin fakitin fim samfurin 600. In ka sa musu samfurin i-Type, wanda ba shi da batir, ko motsi ba za su yi ba, ka ce matacciya aka sayar maka. In kuma ka tsinci tsohon fim tare da ita a cikin dila, na kafin kamfanin asali ya daina yi a 2008, ka ajiye shi don tarihi kawai.

'Yan uwa masu hawa jirgi zuwa Dubai ko Gwanzu ko Santambul, kada fim ya shiga akwatin da za a auna a tura ƙasan jirgi. Na'urar da ke leƙa cikin waɗannan akwatuna mai ƙarfi ce, tana sa masa hazo da layi-layi. Sababbin na'urorin da ake sawa yanzu a wasu filayen jirgi don jakar hannu ma haka suke. A riƙe shi a hannu cikin kwalinsa, a roƙi ma'aikaci ya duba da hannu. Hoton da ya riga ya wanku ba abin da zai same shi.

To, ga inda abin ya fi yi mini nauyi. Ina zaune a bencin tsohon nan sai na tuna rabin katan ɗin ba ya shagona. Sati biyu kafin suna na sayar wa wani yaro ɗan unguwarmu, maraya, wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi kyamara don ya ɗauki hoton mutane a filin idi ranar Sallah. Ya biya rabi, rabi bashi. Sallah saura kwana tara. Na hango shi a tsakiyar 'yan mata da sababbin ɗinkuna, ya karɓi kuɗin mutane, takarda tana fitowa kalar kunun kanwa.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciya ta raya mini cewa ai ban sani ba lokacin da na sayar, ciniki ya riga ya faɗa. Na kwana da abin. Da asuba bayan an sallame na tare shi a ƙofar masallaci na ce ya kawo mini kayan gaba ɗaya. Ya ce, "Baba, lafiya? Ko kuɗin ne? Wallahi bayan Sallah zan cika." Na ce ba kuɗi ba ne. Muka yi gwajin baƙin ƙyalle a gabansa da fakiti uku daban-daban. Ɗaya ya ɗan yi dama-dama, biyu sun tafi. Na mayar masa da abin da ya biya, na haɗa shi da yarona suka je Adum ya sayi rabin adadin da kuɗin, mai kyau. Ribarsa ta ragu, amma ya yi Sallarsa ba wanda ya riƙe masa riga. Ragowar katan ɗin yana nan a shago. Na rubuta a jikinsa da babban baƙi cewa ba na sayarwa ba ne, don kada yaron shago ya yi mini gwaninta wata rana ba na nan. Dillalin Lome kuwa, na je na same shi a tafiyar da ta biyo baya. Ya ce shi ma haka aka sakar masa. Wataƙila gaskiya ne.

Gwaggo ta yi mana kwana goma sha biyu. Ran da za ta koma, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, na zaunar da ita a inuwar mangwaron ƙofar gida, aka ɗora mata yaron, na ja baya taku uku, na tabbatar yatsana bai toshe komai ba. Takardar ta fito fara. Gwaggo ta miƙo hannu za ta karɓa ta kaɗa, na ce, "Gwaggo, a bar shi ya huta tukuna." Muka tsaya a kansa mu huɗu ba mai magana. Sai ga bakin mayafinta ya fara fitowa, sai hular yaron, sai fuskarta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka na tsufa." Na ɗauki na biyu don ɗiyata. Nata ta naɗe a cikin hankici ta cusa a lalitarta tare da kuɗin mota, muka kama hanyar tasha.